Kwanukan Jeren Inna

Sana'ata tsufar da kaya. Shekara da shekaru ina shirya ɗakunan da ake ɗaukar fim a cikinsu, kuma a aikin nan sabon abu abin kunya ne. Sabon labule sai na jiƙa shi a ruwan shayi. Sabuwar ƙofa sai ta sha takardar yashi irin ta kafintoci, har ta koma kamar kakan wani ne ya kafa ta. Duk ma'aikatan da ke ƙarƙashina ni na koya musu haka. Ashe wuƙar da za a yanka ni da ita nake wasawa.

An ɗauke ni aikin wani wasan talabijin kan Madinar da, a wani ƙaton sito a unguwar Aƙiƙ, nan Madina. Cikin labarin akwai gidan Takari, wato mu ke nan, jikokin alhazan da suka taho a ƙafa suka zauna. Daraktan bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba. Abin da ya rubuta mini na ɗakin matar gidan layi ɗaya ne: tabarma, buta, tsummokara. Raina ya ɓaci. Uwata a irin gidan nan ta rayu, kuma ko a shekarun da ba mu da na cefane, ɗakinta walƙiya yake yi.

Na tafi unguwar Uhudu wurin yayata, wadda ta gaji kwanukan jeren Inna. Kwanuka ne masu murfi da zanen furanni, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kwanon jere ba a cin abinci a cikinsa. Aikinsa ya zauna a kabad ya nuna cewa matar ɗakin 'yar mutane ce. Inna kan goge su duk Juma'a, ta kuma mare ni sau biyu don na taɓa.

Yaya ta ce, "Kai fa ba ka da hankali. Kayan Inna zan ba 'yan fim?"

Na ce, "Yaya, kwana uku kawai. So nake duniya ta ga yadda ɗakinmu yake. Ko ƙura ba za ta hau su ba, na rantse."

Ta tashi ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya cikin tsofaffin zannuwa.

Na jera su da hannuna a ɗakin da za a ɗauki fim ɗin, na tsaya ina kallo har idona ya kawo ruwa. Washegari aka tura ni unguwar Bi'ir Ali neman tsohuwar ƙofa. Na dawo bayan azahar na tarar da ma'aikatana biyu zaune a ƙasa, kowa da takardar yashi. An kankare furannin. An ƙwanƙwasa bakin murafan har baƙin ƙarfe ya leƙo, an shafe su da toka da mai.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Darakta ya taho yana gyara hularsa. Ya ce, "Ma'alesh, ya ustaz, yi haƙuri, ƙyalli suke yi wa kyamara. Kuma talakawa a wancan zamani ina suka ga kaya masu sheƙi haka?"

Na ce, "Na uwata ne! Ka tambaye ni?"

Ya ce, "Shi ke nan, mu sayo maka sababbi."

Sababbi! Amma wa zan kama? Ma'aikatan nan abin da na koya musu suka yi, sun ma iya. Ban taɓa gaya musu cewa akwai tsohon abin da tsufansa ƙyalli ne ba.

Na mayar wa Yaya kayan da yamma. Ta kwance zane ɗaya, ta duba, ta mayar. Ba ta zage ni ba, ni kuwa zagin nake jira. Ta ce in zauna in ci abinci, ta shiga kicin.

Da ta fito, tuwon yana cikin babban kwanon jeren Inna, miyar kuka a ƙaramin. Ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Ci mana. Ai yanzu kwano ne."