Ranar Da Muka Ja Ɗakin Uwaisu Zuwa Dutse

Uwaisu Gaji taubashina ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ba mai hana ni. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, wai shi ne ubangidana. Ubangida! Mutumin da tun muna yara ban taɓa jin "a'a" ta fito daga bakinsa ba. In ka roƙe shi abu sai ya sunkuyar da kai, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ba komai." Da wannan "ba komai" ɗin aka cinye masa keke, aka cinye rediyo, aka yi ta aron amalankensa har shanun suka daina gane hanyar gidansa.

Sana'arsa gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Daga ƙauyukanmu na Miga har ƙasar Buji, duk inda famfo ya tsaya mata suka koma jan guga, Uwaisu ake nema. Ya koyi aikin a wajen wasu masu haƙar rijiyar burtsatse da ya daɗe yana yi wa hidima. Da suka tashi barin yankin, maimakon su sallame shi da abin kirki, sai suka bar masa wani ɗaki mai taya biyu, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Fari ne, da taga, da ɗan gado, da wurin rataye kayan aiki. Mun yi masa dariya har muka gaji. Ashe gata aka yi masa. In aiki ya kira shi wani gari, sai a ja masa ɗakin, ko da mota ko da shanu, a kafa a gindin bishiya, ya kwana a abinsa har ya gama. Ba kwanan zaure, ba takura wa mai gari. Kuma a duk abin da Uwaisu ya taɓa mallaka, wannan ne kaɗai ba a taɓa ara ba, don ba wanda ya san abin da zai yi da shi. Son da yake yi wa ɗakin nan ya wuce misali. Kullum da safe sai ya bi shi da tsumma, alhali shi kansa ƙafarsa duk faso.

A ƙarshen damina shanu suka firgita da shi a hanyar Buji, taya ɗaya ta afka kwazazzabo. An fito da shi, amma ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu ta ƙasa ya tsage. Mai waldan garinmu ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce ba ruwansa, a mayar da shi inda aka ƙera shi. Wurin kuwa wata masana'anta ce a bakin Dutse, masu yin bodin manyan motoci. Uwaisu ya kira shugaban ma'aikatan, wani Malam Abdulkahar, ina tsaye ina ji.

"Muddin tsagewa ce, za mu gyara," in ji mutumin. "Amma in ya karye a hanya, ƙasan ɗakin zai murɗe, sai dai ka kira 'yan gwangwan su yanka. Ka kawo shi wayam, ko cokali kar ka bari a ciki. Kuma a tafi a hankali."

Ni ne mai a-kori-kura a dangi, don haka wahalar a kaina ta faɗo. Ban samu sarari ba sai da aka gama kwasar amfanin gona, lokacin hunturu ya kankama. Na ja Uwaisu gefe na ce, "Ka ji abin da mutumin nan ya ce. Ka kuma san mutanenmu, motar da za ta birni ba ta mai ita ba ce, ta gari ce. Gobe da asuba za mu sulale. Kar ka gaya wa kowa, ko matarka."

Ya ce to. Bai kuwa gaya wa kowa ba, sai Liman. Wai don a sa shi a addu'a. Shi kuma Liman, Allah ya saka masa, ana idar da magariba ya ɗaga hannu ya ɗaga murya: "Allah ya kai ɗakin Malam Uwaisu Dutse lafiya gobe!" Masallaci ya ɗauka da amin. Ina sahun baya, na ji kamar in haɗiye hulata.

Da asuba sanyi ake yi irin wanda ruwan buta ke cizon yatsa. Muna fitowa daga masallaci muka tarar da ƙofar gidan Uwaisu kamar tasha. Wannan da buhun gero za a kai wa ɗansa mai karatu. Wancan da akuya biyu, wai na bikin ƙanwarsa. Wani da kan keken ɗinki, wani da ƙyauren ƙarfe, ko me ƙyaure zai je yi Dutse, oho. Na yi masifa har muryata ta dushe, amma ba ni suke tambaya ba. Kowa sai ya zagaye ni ya je ya durƙusa gaban Uwaisu.

"Malam Uwaisu, ɗan saƙo ne, ba nauyi."

"To, ba komai."

Bayan motata ya cika maƙil, har da mutum uku a saman kaya sun naɗe kai da rawani. Abin da ya rage aka fara turawa cikin ɗakin. Na tare ƙofar da jikina na rantse ba abin da zai ƙara shiga. Ina cikin rantsuwar sai na ga mutane suna darewa, ga Inna tafe.

Inna Adama ita ta haife ni, kuma ita ce gwaggon Uwaisu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sunan mahaifinta ya ci, don haka "Babana" take ce masa. Ni kuwa ɗan fari ne, ba ta kama sunana, iyakata "kai wannan". Ƙanwata Nana Aisha ta haihu a unguwar Limawa da ke Dutse, Inna za ta je yi mata wankan jego. A bayanta ana ɗauke da ƙatuwar tukunyar ƙarfe, da daurin itace, da turmi, da gero, da kanwa. A hannunta kuma kaskon wuta, garwashi jawur.

"Babana, an ce ɗakinka za shi Dutse."

Na kafa wa Uwaisu ido. Ya sosa ƙeya. Ni da nake ta cika baki tun ɗazu, na buɗe nawa bakin, abin da ya fito shi ne, "Inna, ko za ki shiga gaban mota?"

"Motarka da gilashinta ba ya rufuwa? So kake sanyi ya kashe ni? Ga ɗaki da gado!"

Ta shige abinta, ƙawayenta biyu suka bi ta, su ma wai za su barka. Aka tura tukunya, aka tura turmi, aka tura akuyoyi. Na ga ɗakin ya yi ƙasa kamar jakin da aka yi wa lodin taki.

Muka kama hanya, tafiyar da ko mai keke sai ya wuce mu ya waiwayo. Duk ɗan ramin da muka taka sai in ji ƙiiƙ daga baya, Uwaisu kuma ya ce "Ya Salamu!" Wuyansa a juye yake tun daga gida, bai kalli gabansa ba ko sau ɗaya. Iska na shigowa ta gilashin nan nawa tana yankan kunne, amma shi gumi yake yi.

Mun ɗan wuce Jahun da hantsi sai na hango hayaƙi a madubi yana fita ta tagar ɗakin. Nan take na gangara gefen titi. Ashe ba gobara ba ce, Inna ce ke gasa dankali. Tun da na tsaya, na ce bari in leƙa ƙasa. Tsagar da muka bari kamar silin gashi, yanzu ɗan yatsana yana shiga.

Na kira Uwaisu. Ya kwanta a ƙasa mai sanyin nan, ya daɗe yana kallo, ya taso idonsa ja. Na ce, "Ka gani da idonka. Ko Kiyawa ba za mu kai ba. Je ka ce su sauko."

Ya tafi kamar wanda za a yi wa allura. Ya buɗe ƙofa, ɗumi ya bugo mu. Tsofaffi sun miƙe ƙafa suna ta hira, akuyoyi sun kwanta suna tuƙa. Inna ta ɓare dankali mai zafi ta miƙo masa. "Ungo, Babana. Kai, ɗakin nan naka akwai daɗi, Allah ya yi maka albarka." Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya, ya ja ƙofar a hankali ya rufe. Ya dawo wurina da dankalinsa a hannu.

"Mu je, Sagiru. Abin da Allah ya nufa."

Wallahi ban san lokacin da na fashe ba. Na ce masa sakarai, na ce masa ragon maza. Na ce abu ɗaya tak ka mallaka a duniya, shi ma za ka miƙa wa 'yan gwangwan don kunyar tsohuwa da turmi? Gobe in aiki ya kira ka Buji, a cikin tukunyar jego za ka kwana? Ina ta zuba, sai na ji taga ta buɗe.

"Kai wannan, me Babana ya yi maka kake masa ihu a titi?"

Da ma a wuya nake. Na kwashe duk abin da Malam Abdulkahar ya faɗa na gaya mata, har da zancen cokali. Inna ta sauko da kanta, ta dafa taya, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta leƙa. Ta miƙe da ƙyar.

"Babana, gaskiya yake faɗa?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Ka ƙara ce mini ba komai ka ga yadda zan yi da kai!"

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Ta juya kan ƙawayenta: "Ku sauko!" Ɗayar, Hajiya Hadiyya, ta fara cewa ai saura kaɗan a kai. Inna ta ce, "Ɗakin ubanki ne? Na ubana ne, sauko!" Ta sa mazan da ke saman motata suka dire, suka fitar da komai, tukunya, turmi, itace, buhuna, akuyoyi, aka jibge a gindin wata tsamiya. Har da tsintsiya ta sa aka bi ɗakin. Ta tare wa ƙawayenta motar haya ta tura su, mazan kuma ta ce su koma inda suke. Ita ta nemi buhu ta zauna, ta jawo kaskonta.

Uwaisu ya durƙusa. "Gwaggo, don Allah ki shiga gaba, ni in zauna da kayan."

"Ka zauna, wa zai kai ɗakin? Wannan?" Ta nuna ni da haɓa. "Wannan da ke tuƙi kamar ana bin sa? Kayan mutane kuma amana ne, ba a barin su a titi. Ku tafi, kuna ɓata mini lokaci."

Haka muka bar ta a bakin hanya, iska na kaɗa mayafinta. Muka ratsa Kiyawa muna jan ciki, muka wuce Shuwarin, har duwatsun Dutse suka bayyana. Ɗakin ya daina kuka, sai ɗan ƙyas-ƙyas in an hau tudu. Ni kaina, da duk masifata, salati nake yi a zuci.

A masana'antar, Malam Abdulkahar ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya yi fito. Ya fito ya buɗe ƙofar ɗakin, warin akuya da hayaƙin dankali suka tarbe shi.

"Wayam kuka kawo shi?"

Na buɗe baki, Uwaisu ya take mini ƙafa. Mutumin ya dube mu, ya yi murmushi. "Zai gyaru. Amma da kun ƙara hawa rami ɗaya da nauyi, da wani zancen ake yi."

Uwaisu bai tsaya jin sauran ba. Da hannunsa ya kwance ɗakin daga jikin mota. Muka jibge kayan bayan motar a ƙofar gidan Nana Aisha a Limawa, ko jaririn ba mu shiga gani ba, muka juya. Mutumin da ya wuni yana ce mini a hankali, yanzu shi ke dukan gaban mota yana cewa, "Taka, Sagiru, taka mana!"

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka hango tsamiyar. Iska ta dawo da ƙarfinta. Inna na nan inda muka bar ta, ta ƙudundune a cikin zane, ta ɗaura igiyar akuyoyi a ƙafarta. Garwashin ya daɗe da zama toka. Leɓenta ya yi fari, haƙoranta na haɗuwa. Tun kafin in kashe mota ta ɗago kai.

"Ya kai?"

"Ya kai, Gwaggo. An ce zai gyaru."

"Alhamdu lillahi," ta ce, muryarta na rawa. "Tun ɗazu nake roƙon Allah kar ya zama ni ce na karya maka shi."

Uwaisu ya zube gabanta, ya kama hannayenta biyu yana murzawa, sun yi sanyi kamar randa. Ƙaton mutum da furfura a gemu, ya fashe da kuka a bakin titi. Ni ma tausayinta ya kama ni har na kasa kallonsu, na juya wajen kaya wai zan fara lodi. A nan na ga tsibin ya ƙaru. Ga buhunan albasa da ban san su ba, ga wata katifa a naɗe, ga kwandon zabi suna leƙe.

"Inna, waɗannan fa? Ba da su muka taho ba."

"Wasu bayin Allah ne suka gan ni zaune, suka tambaya ko Dutse za mu."

"Sai kika ce musu me?"

Ta dubi Uwaisu, Uwaisu ya dubi ƙasa yana share hawaye.

"Kai wannan, me kake so in ce musu? Ɗauki ka loda, sanyi nake ji."