Inji Ya Ƙi Tashi a Teku, Jirgin Kawu Kuma Ƙarfe Biyar

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Al Qusais a Dubai, ni da abokin zamana a falat, wani Bakatsine da ke aiki a kamfanin kago. Ranar Asabar ce, hutu, titi fayau. Cikin minti ashirin muka isa Naif, inda Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi kwana tara a wani ƙaramin otal yana sayayyar kayan ɗakin autarsa. An riga an ɗaure kayan a kasuwar Murshid an tura. Saura shi kaɗai ya bi jirgin ƙarfe biyar na yammacin ranar, ya sauka Kano washegari, a ɗaura aure bayan la'asar. Dole ƙarfe biyu ta yi masa a filin jirgi.

Ni na matsa a kai shi teku. Mutum ya shekara sittin da ɗoriya bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, ya zo Dubai ya koma bai ga komai ba sai shagunan labule da na tukwane? Na ce masa sha ɗaya na safe mun dawo, har ya yi wanka ya huta. Ya ce, "Ɗan nan, ka tabbata?" Na ce na tabbata.

A bakin otal muka sha shayin madara mai kauri da suke ce wa karak, kofi dirhami ɗaya, muka sayi farata, irin gurasarsu ta Indiya, da ƙwai na hanya. Naif da sassafe wani gari ne daban. Ba 'yan turin kaya, ba masu jan hannunka su nuna maka jaka, sai masu shara da tattabaru. Kawu ya ce ashe unguwar tana barci.

Mai jirgin ruwan da muka hau wani dattijo ne ɗan ƙabilar Baluci, ɗan'uwansa na aiki a wani sito da nake kula da janaretansa. Aikina ke nan a Dubai, shekara shida ina gyaran injinan dizal. Jirgin na katako ne, tsoho amma a tsabtace, da rumfar tamfol, injinsa ƙarami mai silinda biyu a cikin wani akwati a tsakiya. Bugu ɗaya ya tashi. Na kasa kunne na ji sautinsa, na ce wa abokina wannan injin ya fi ni lafiya.

Mun yi kamar awa ɗaya muna tafiya. Dogayen benaye suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har suka koma kamar haƙoran matsefi. Kawu ya zauna a bencin baya ya riƙe katako da hannu biyu yana salati, amma da aka kashe inji aka jefa anga, aka ba shi zare da ƙugiya, sai ga shi yana dariya kamar ba shi ba. Shi ya fara kamawa. Wani kifi mai zane-zane da suke ce wa hamur. Abokina da ya kwana yana cika bakin shi ɗan gidan masunta ne ta wajen kaka bai kama komai ba sai leda.

Ƙarfe goma saura na ce a tattara. Mai jirgi ya tayar da inji, ya tashi lafiya, ya yi kamar minti ɗaya, sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya sake murza mukulli. Kik na juyawa, inji bai kama ba. Ya sake. Ya sake. A karo na biyar na ji juyin ya fara nauyi, na dafa hannunsa na ce, "Ya isa, habibi, bar batirin nan, shi kaɗai gare mu." Ya buga wa wani abokinsa waya ya zo ya ja mu. Mutumin yana can nesa wajen garin Ajman, ya ce sai bayan azahar, in sha Allahu. Kowa ya san irin wannan in sha Allahun.

Kawu ya duba agogonsa. Wannan duba agogon ya fi mini zagi zafi.

Ban tsorata da injin ba, gaskiya. Dizal ba shi da munafunci irin na fetur. In ya samu iska, ya samu mai, ya samu juyi mai ƙarfi, dole ya tashi. Juyi akwai, ko da ya fara rauni. Na duba wayar da ake ja a kashe inji, ta koma wurinta. Na cire murfin iska, ba abin da ya toshe. Na tambayi mai jirgi ko ya ga hayaƙi a salansa lokacin da yake murzawa, ya ce ko kaɗan. To, nan ne zancen yake. In mai na shiga silinda, ko bai kama ba za a ga farin hayaƙi. Babu hayaƙi, babu mai.

Na zura sanda a tanki, ya fi rabi. Na leƙa ƙoƙon gilashin da ke raba ruwa da mai, ba ruwa ba datti. Na sassauta ɗan kusar da ke kan filta na yi ta danna famfon hannu, sai kumfa, daga baya ma kumfar ta ƙare. Na zargi famfon. Na kwance shi, na duba robarsa, lafiya lau, na mayar. Wannan kaɗai ya ci mini rabin awa, ga rana ta taso, ga jirgi na rausaya, sifana na zamewa a hannu saboda gumi. Abokina ya riga ya amayar da faratarsa ya kwanta.

Sha ɗaya da kwata na fara bin tiyon mai da hannu, taki-taki, daga inji zuwa tanki. Ya bi ta ƙarƙashin bencin baya. Na ce, "Kawu, ku ɗan ɗaga ƙafa." Na leƙa. Ga makullin mai, ɗan jan hannunsa a gicciye. A rufe yake ruf.

Na buɗe shi shiru, na ce wa mai jirgi da Turanci wataƙila girgiza ce ta juya shi. Ya dube ni, ya dubi makullin. Kawu ba ya jin Turanci amma ya ga inda hannuna ya je.

"Wannan? Ai ni na rufe shi," in ji shi. "Da aka kashe inji na ga an bar shi a buɗe. Wa yake barin mai a buɗe? Janaretan shagona shekara goma, ban taɓa kwana ban rufe ba."

"Kawu, me ya hana ku faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Kuna ta yarenku, na zaci wani babban abu ne ya lalace."

Gaskiya ya faɗa. Na fassara wa mai jirgi. Ya dafe kai, sannan ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce mahaifinsa ma haka yake yi.

Buɗe makulli bai gama aikin ba, domin inji ya riga ya zuƙi iska, kuma dizal ba ya tafiya da iska a cikin tiyo. Na danna famfon hannu har mai ya fito ta kan filta ba kumfa, na ɗaure. Na yi haka a babban famfo. Na sassauta notin bututun nozul guda biyu masu fesa mai cikin silinda. Na rufe ruwan tekun da ke sanyaya inji, don kada yawan murzawa ya tara shi a salansa ya koma ciki. Injin na da ɗan hannu a sama wanda in an ɗaga yake sakin matsi, kik ya juya da sauƙi. Na ɗaga, mai jirgi ya murza daƙiƙa biyar, mai ya tsarto ta notin. Na ɗaure su.

Batirin bai da sauran bugu fiye da ɗaya ko biyu, na sani. Na ce, "Kawu, ku yi mana bismilla." Ya yi da ƙarfi. Aka murza, na bar inji ya ɗauki gudu, na saki hannun. Ya yi gur, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Na yi maza na buɗe ruwa, na leƙa baya na ga salansa na feso shi. Aka ɗaga anga, muka juya baya.

Ɗaya saura muka taka ƙasa. Wanka dai bai samu ba. Kawu ya canza riga a otal cikin minti biyar, muka bar wa mai jirgi hamur ɗin. Biyu da 'yan mintuna na miƙa masa jakarsa a filin jirgi yana ƙanshin dizal da kifi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka gaya wa uwarka."

Na koma Al Qusais na kwanta ban ko ci abinci ba. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa amma ya shiga. Na yi wa inji tambaya ta fi goma, a tsare, yadda aka koya mini, ban yi wa mutanen da ke zaune a jirgin ko ɗaya ba. Yanzu kafin in ɗauki sifana sai na tambaya, da yaren da kowa ke ji, wa ya taɓa me.

Lahadi bayan la'asar ta Kano wayata ta yi ƙara. Hayaniya, maroƙi na ta kwarara a baya, sai muryar Kawu sama-sama: "An ɗaura, ɗan nan. Da bakina na bayar da ita." Ina zaune a bakin gado, na ce alhamdu lillahi.