Kawu Liyacho, Na Goma a Bakin Taga

Kafin masu burodin riɗi su gama jera farantansu a titunan Tasalonika, Kawu Liyacho Nahmiyas ya riga ya buɗe ƙofar majami'armu ta Yahudawa. Zai kunna murhun ɗumama ɗaki, ya zage shi don ya ƙi kamawa, ya ƙara mai a fitilar da ba a barinta ta mutu, ya jera littattafai a kan dogon tebur, kowa nasa a gurbinsa. Sai ya ɗora kofi, ya fito bakin ƙofa ya tsaya yana leƙen lungu. Wanda ya makara zai sha baƙar magana, wanda bai zo ba kuwa wayarsa za ta yi ta ƙara har sai matarsa ta kore shi daga gado. Shi ne shamash ɗinmu, mai hidimar ɗakin ibada: shi ke shara, shi ke riƙe makullai, shi ke tara mutane. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin ƙirjinsa ya daina ɗaukar hawan matakala.

A bangon majami'ar akwai allunan dutse masu ɗauke da sunayen waɗanda suka ba da kujeru da fitilu. Na duba su kaf, babu sunansa. To, ni Pepo, ɗan marigayi Sabetai mai gyaran agogo, ba ni da dutse, amma ina da alƙalami, kuma yabon gwani ya zama dole.

Kowa a cikinmu ya sani, Kadish, addu'ar da ɗa ke yi wa mahaifinsa wata goma sha ɗaya bayan rasuwarsa, ba ta yiwuwa sai maza goma sun hallara suna amsawa. Tara ba goma ba ne, ko da dukansu malamai ne. A garin da kakanninmu suka taɓa cika tashar jiragen ruwa har ta riƙa hutawa ranar Asabar, yau tara mutum goma a ranar Talata aiki ne ja. Wannan aikin Kawu Liyacho ya yi ta yi tun ina yaro.

Sai annoba ta zo. Mahaifina ya tafi asibiti da ƙafarsa a farkon hunturu, yana yi mini faɗa a kan na bar shago a buɗe. Ban sake ganin fuskarsa ba. An miƙo mana akwati a rufe, ba mu yi masa wanka ba, ba mu rufe masa ido ba. Duk abin da ɗa ke yi wa uba an ƙwace mini shi, saura abu ɗaya tak, Kadish. Shi ma ga shi yana neman kufcewa, domin dokar lokacin ta ce kada a wuce mutum tara a cikin ɗakin ibada.

Shugaban kwamitinmu, mutumin kirki ne amma tsoro ya cika masa ciki, ya kira Kawu Liyacho ya ce a rufe kawai, kowa ya yi karatu ta waya daga gidansa. Ina tsaye aka yi maganar.

Kawu Liyacho ya ce, "Karatu ta waya, na ji. Kadish ɗin Sabetai fa? Shi ma ta waya?"

Shugaba ya ce, "Haba Kawu, rai ya fi komai. Kai ma ka sani."

Ya ce, "Na sani mana. Wa ya ce maka kashe mutane zan yi? Doka ta ce tara, za a yi tara. Allah ya ce goma, za a yi goma."

"Ta yaya?"

"Oho. Amma makullan nan ba za su shiga aljihunka ba."

Ya bi Haham, tsohon malaminmu wanda 'ya'yansa suka kulle a gida, da kira safe da yamma har ya hana shi sakat. Haham ya koma cikin littattafansa, ya fito da amsa: wanda yake waje, idan ya nuna fuskarsa ta taga har na ciki suna ganinsa, to yana cikin jama'a. Kawu Liyacho bai jira ya gama bayani ba. Ya ɗauko abin kwance ƙusa, ya cire gilashin tagar da ke kallon lungu, ya jingine shi bayan akwatin littattafai.

Aka zo batun wa zai tsaya a waje. Na ce ni ne, tunda uban nawa ne. Ya harare ni ta saman takunkuminsa.

"Kai za ka ja addu'a, daga titi za ka ja ta? Shige ciki, ɗan Sabetai, kada ka ɓata mini lokaci."

Haka aka yi. Mutumin da ya fi kowa sanin kowane lungu na ɗakin nan, wanda ya kunna murhun da hannunsa, shi ne ya fita ya bar mana ɗumin. Ya ajiye wani akwatin lemo a gindin taga, ya hau, ya cusa kansa ciki. Wanda ya san iskar Vardar idan ta sauko daga duwatsun arewa, ya san abin da nake faɗa. Tana shiga ta wuyan riga ta fita ta ƙashi. Mu tara muna ciki nesa da juna, muna karanta Mishna, littafin shari'armu, babi bayan babi domin ran mahaifina, shi kuma yana waje littafinsa a kan dakalin taga, ya danne shafin da dutse kada iska ta juya. Daga nan yake ba da umarni. "Moshon, ja takunkuminka sama, hancinka ba abin kallo ba ne." "Ku matsa, ba biki kuka zo ba." Idan aka yi musu a kan wata mas'ala, yakan tsoma baki har da buga dakali, sau da yawa kuma ba shi ne da gaskiya ba, amma bai taɓa yarda ba.

Wata safiya wani matashin ɗan sanda ya biyo ta lungun. Ya leƙa ta ƙofa, ya ɗaga yatsa ya fara ƙidaya mu. Mu kuwa ba ma ƙidaya mutane da lamba. Aya muke karantawa mai kalma goma, kowa ya ɗauki kalma ɗaya. Kawu Liyacho ya daka tsawa daga kan akwatinsa.

"Sauke yatsan nan, yaro! An taɓa tara mu a fili a garin nan aka ƙidaya mu, tambayi kakarka abin da ya biyo baya."

Ɗan sandan ya sauke hannu, fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, aiki ne. Tara ne a ciki, ba laifi. Kai fa?"

"Ni ina kan titi. Titi na gwamnati ne, ko shi ma an rufe?"

Yaron ya yi dariya, ya ce a dai kula. Bayan kwana biyu ya dawo da safar hannu ta ulu ya ajiye a kan dakali, ya wuce.

Kai ne wannan, Kawu. Kai ne wanda mahaifiyarsa ta dawo daga sansanin mutuwa na zamanin yaƙin duniya ita kaɗai cikin danginta, ta haife ka a garin da aka rantse ba za a sake jin muryarmu ba. Murucin kan dutse, ba ka fito ba sai da ka shirya. Ba ka raina cutar ba, kai ne ma ka fi kowa wanke hannu, amma ka ƙi ka bar ta ta yanke mana hukuncin ranar da za mu daina taruwa.

Cikin tsakiyar hunturu abin da muke tsoro ya faru. Muka zo da safe muka tarar da ƙofa a buɗe, matarsa Riketa ce ta aiko da makullai, amma taga fayau. Cutar ta kama shi, yana kwance yana fama da numfashi. Mu tara muka zauna muna kallon ramin tagar. Sauran mazan da suka rage a gari tsofaffi ne da likita ya hana fita, ko samarin da suka tafi ƙasashen waje neman aiki. Wani ya ce a ɗora waya a taga a kira shi, amma Haham ya riga ya faɗa mana, waya ba fuska ba ce. Na buɗe littafi, haruffan suka ƙi tsayawa. Na ji kamar an sake miƙo mini akwatin nan a rufe, kuma ban ji kunyar yin kuka a gaban mutane ba.

Sai muka ji ƙarar akwatin lemo, da tsaki, da wani zagi da ba zan rubuta ba. Wani kai mai hular masu aikin tasha ya bayyana a taga. Mentesh ne, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, wanda tun da ɗansa ya nitse a teku ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka majami'a ba, ya kuma cika rantsuwar har gashinsa ya yi fari. Mutum ne da ke cin abincinsa a bainar jama'a ranar babban azuminmu don kowa ya gani.

Ya ce, "Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin kafiri ba ne?"

Moshon ya ce, "Mentesh, ashe ka tuba?"

"Tuba gidanku. Wancan tsohon mai taurin kan ne ya hana ni barci."

Daga baya Riketa ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce yana kwance, kalma biyu sai ya huta, ya sa ta kira masa Mentesh. Mentesh ya ce ya rantse ba zai shiga ba. Kawu Liyacho ya ce, "Wa ya ce ka shiga? Titi za ka tsaya." Mentesh ya ce shi bai yarda da komai ba. Kawu ya ce, "Ba imaninka nake so ba, riƙe abinka. Fuskarka nake so, duk da muninta." Mentesh ya ce in ya ƙi fa? Ya ce, "To zan tashi in je da kaina, in mutu a lungun, ka ɗauki gawata." Riketa ta ce ya fara laluben takalmi da gaske.

Na miƙe na ja Kadish. Da na kai inda ake amsawa, na ji Amin takwas daga ciki, sai ta tara daga taga, a shaƙe, kamar mai haɗiye magani mai ɗaci. Mentesh ya ci gaba da zuwa duk tsawon kwanakin da Kawu Liyacho ya yi yana jinya, yana ƙorafi kullum, bai fasa ko sau ɗaya ba. Har yau bai taka cikin majami'a ba, kuma ba wanda ya isa ya ce masa ya shiga.

Kai ne ka yi wannan, Kawu, kana kwance da robar iska a hanci. Kai ne ka san cewa a cikin jama'a babu wanda ya yi lalacewar da ba zai cika goma ba.

Kawu Liyacho ya dawo da bazara, ya rame, yana dogara sanda. Lokacin da watannina suka cika an riga an sassauta doka, muka taru ciki gaba ɗaya. Riketa ta kawo ƙwai da ta dafa da ɓawon albasa har ya yi ja, da zabibi, kamar yadda ake yi idan an sauke karatun mamaci. Na ja Kadish ta ƙarshe. Amin ɗinsa ba ta fita ba, leɓɓansa kawai na ga sun motsa. Na je na durƙusa a gabansa zan yi godiya, ya ture hannuna.

Ya ce, "Tashi, ba ni na mutu ba. Ubanka ya samu nasa, ko rana ɗaya ba ta faɗi ba. Gobe kuma ƙarfe bakwai."

Na ce, "Kawu, ai na gama."

Ya ce, "Ka gama naka. Moshon ya rasu, ɗansa yau ya fara nasa."

Mun gode, Kawu Liyacho. Na gode a madadin Sabetai mai gyaran agogo, wanda ya tafi shi kaɗai amma ba a bar shi shi kaɗai ba. Allah ya ƙara maka numfashi, ya saka wa Riketa da ta jure maka.

Yanzu ina jin ana raɗe-raɗin cewa tunda zai ajiye makullai, a riƙa buɗe majami'a ranar Asabar kaɗai, wai mutane sun yi kaɗan. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yi shiru ba. Annoba da ƙarfinta ba ta rufe ƙofar nan ba, ba kuwa lalacinmu ne zai rufe ta ba. Ku da kuke kwance da safe kuna cewa ai wasu za su je, ku sani babu wasu. Akwai maraya a can yanzu haka, littafi a hannu, mutum takwas a gefensa, yana kallon ƙofa. Tashi ka je.