Yaya Bala Kar-Ka-Kashe

Duk wanda ya taɓa miƙa yatsa zai kashe kwamfuta a gaban Yaya Bala ya san zafin hannunsa. Tas! Kafin ka ankara ya make ka, ko kai wane ne. Ya maki ɗalibai, ya maki 'yan kasuwa, ya maki wani babban ma'aikaci mai kwat da ya zo da direbansa. Ni kuwa ƙaninsa Sale, da nake yanka shanu tun ban yi gemu ba, bayan hannuna ya saba da shi. "Kar ka kashe!" Abin da zai faɗa ke nan, da ƙarfi sai ka ce gobara ta tashi. Har sunan ya bi shi. In ka shigo Garwa ka ce wa ɗan moto, mai haya da babur, ya kai ka shagon Bala mai gyaran kwamfuta, sai ya tsaya yana sosa kai. Ce masa Kar-Ka-Kashe kawai, ka hau ku tafi.

Ku da kuka zauna da shi kun san ba ya tsoron talauci, ba ya tsoron zafin garin nan, ko matarsa Anti Hauwa ma tsoronta kaɗan yake ji. Abu ɗaya ne yake tsoro, kuma da bakinsa ya sha gaya mini: ranar da kwamfuta za ta tsaya a Garwa a kira wani ba shi ba. Da ciwon suga ya fara cin idonsa, wannan ranar ta matso kusa, kuma ni na ga yadda ya yi da ita. Amma bari in fara daga lokacin da idon yake garau.

Wata rana na tare shi a teburina na kasuwa, na ce ya gaya mini dalilin wannan dukan hannun mutane. Ya ja benci ya zauna kamar dama jira yake a tambaye shi.

"Sarkin Fawa," haka yake kirana don tsokana, alhali teburi ɗaya gare ni, "kowace manhaja da ke aiki a cikin kwamfuta baƙuwa ce a gidan mutane. Ba ta da makulli ko ɗaya. In tana son buɗe fayil, sai ta roƙi maigida. In karantawa za ta yi, ko rubutawa, ko aika saƙo waje, duk sai ta roƙa. Maigidan shi ne tsarin da ke riƙe da na'urar gaba ɗaya. Ni kuma ina zaune a zaure, ina jin kowane roƙo da amsar da aka ba ta."

Abin da yake sauraren da shi wata 'yar manhaja ce, strace, wadda mu duk muke ce wa sitiras. Yana ɗora ta a kan wadda ta tsaya, sai allo ya yi baƙi, fararen layuka su riƙa zubowa. Mu muna ganin tururuwa, shi yana ganin zance.

"In ka kashe ka kunna," ya ce, "ka kori mai ƙara tun bai faɗi abin da aka yi masa ba. Gobe zai dawo da kukansa."

Na ce, "Yaya, ni fa in saniya ta tsaya ta ƙi tafiya, wuƙa nake ɗaukowa."

"Shi ya sa ba a kawo maka marar lafiya," ya ce, ya ɗauki hanta mai kyau ya ce a sa masa a leda.

Kun tuna farmasin Hajiya Asta, Bafulatanar nan mai faɗa da fara'a a lokaci guda? Manhajar da take sayar da magani da ita ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum bayan la'asar sai ta sandare, a yi ta jira, can kuma ta farfaɗo da kanta. Ranar da aka kira Yaya ina tare da shi, don na kai wa Hajiya nama. Mutane sun yi layi har waje, kowa da takardar likita a hannu, zafi kamar a gasa mutum. Hajiya ta miƙa hannu wajen maɓalli.

Tas!

"Malam Bala! Ni ka daka?"

"Yi haƙuri, Hajiya, hannun ne ya riga ni. A kawo shayi."

Ba ya fara aiki sai da shayi, kowa ya sani. Aka kawo masa daga ɗakin baya, yana tururi. Ya ɗora sitiras, ya kurɓa, ya zuba wa allo ido. Layuka suka zubo, suka tsaya a kan guda ɗaya. Ya nuna da ɗan yatsa.

"Ga ta nan. Ba ta mutu ba, sallama take yi. Tana kiran kwamfutar da ke ɗakin baya, wadda kuke ajiye bayanan magunguna a ciki, ba a amsa mata. Wa ke ɗakin baya?"

Muka bi shi. Kwamfutar tana nan a kan tebur, shiru, wayarta a ƙasa. A soket ɗinta kuwa butar lantarki ce zaune, ruwa yana tafasa. Ashe soket ɗaya ne a ɗakin, kuma kullum bayan la'asar ma'aikata sai su zare ta su dafa shayi, in sun gama su mayar. Yaya ya dubi butar, ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Wato cutar nake sha tun ɗazu."

Hajiya ta ce, "To a mayar da wayar mana, mutane suna jira!"

"Tsaya in shanye shaidar tukuna," in ji shi. Ya kuwa shanye tas, har da lashe baki. Washegari Hajiya ta kira mai lantarki ya ƙara soket.

Matsalar Yaya ita ce bai san inda aiki ya ƙare ba. Har gida yake kai sitiras. Anti Hauwa ce ta ba ni wannan labarin, tana dariya har da hawaye. Wata rana ya dawo ya same ta fuska a murtuke. Ya ce lafiya? Ta ce ba komai. Mai hankali zai lallaɓa. Shi sai ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar kicin, ya naɗe hannu yana kallonta. Can ya yi gyaran murya.

"Kin buɗe galan ɗin mai, babu. Kin buɗe buhun shinkafa, babu. Kin sake komawa galan ɗin mai, har yanzu babu. Da rana kin kira wayata, ba a amsa ba. Hauwa, na gano matsalar."

"Sannu da ƙoƙari. Sai a gyara."

"Ai ganowar ita ce babban aikin. Gyara kowa ma..."

Ta ɗauko muciya. "Bala, yau kam zan kashe in kunna."

Ta ce ba ta taɓa sanin mutum mai tumbi zai iya hawa moto da irin wannan saurin ba. Kafin magariba ga mai, ga shinkafa, har da kifin Binuwai da ba ta ce a sayo ba.

To idon ya fara. Da farko ƙara girman rubutu yake yi. Daga nan sai ya riƙa kai hancinsa har jikin allo. Daga nan kuma layukan suka zame masa hazo. Hannunsa bai manta komai ba, yana buga umarni ba tare da ya duba ba, amma amsar da za ta fito ba ya ganinta. Wata safiya ya zo mayanka da kansa, wani ɗan moto ya riƙo shi, ya ja ni gefe.

"Daga yau in ka tashi kasuwa, kai ne idona. Za ka riƙa karanta mini."

Na yi dariya. Na ce, "Yaya, ni da na gudu daga firamare? Ka gaya wa mutane mana, ai ba abin kunya ba ne."

"Sale," ya ce. Gabana ya faɗi, don rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "In suka sani, za su riƙa gaishe ni da tausayi, su kai na'urarsu wani wuri don kada su wahalar da ni. Wallahi gara mari da wannan gaisuwar."

Tausayinsa ya kama ni. Na ce na yarda.

Ya sayi baƙin gilashi, ya ce likita ne ya hana shi hasken allo. Ni kuma aka sanar wa gari cewa na gaji da fawa, ina koyon kwamfuta. Jama'a, ku dubi girman Allah! Ƙato kamar ni, faratana da jini, ina bin bayansa ofis-ofis da jaka a kafaɗa, kuliyoyin unguwa suna bin nawa bayan. In mun zauna sai ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "To ɗalibi, karanta mu ga ko ka fara ganewa."

Ni kuma in fara da haruffan Faransancin da suka rage mini: "O, pe, e, en, a, te..."

"Kai! Wannan roƙon buɗe fayil ne, na san shi. Tsallaka ƙarshen layi, me aka amsa mata?"

"E, en, o, e, en, te."

"Walaa!" Haka yake fassara shi da Fulatanci, wato babu. "Abin da take nema ba ya nan. Karanto mini sunan fayil ɗin, a hankali, ba kamar kana kiran farashin cinya ba."

A haka muka yi ta aiki, kuma na rantse muku ba mu taɓa barin kwamfuta a tsaye ba. Kira bai ragu ba. Har daga Mayo-Oulo aka aiko mota ta ɗauke mu. Ni har na fara jin kaina, ina ce wa abokan fawa su yi mini magana da ladabi.

Sau ɗaya ne na makara. An kawo shanu daga Tuboro, aiki ya riƙe ni, Hajiya Asta kuma ta kira shi da gaggawa. Taurin kai ya sa ya tafi shi kaɗai. Na iso da gudu, ina haki, na tabbata asiri ya tonu. Sai na tarar da shi zaune da shayinsa, Hajiya tsaye a kafaɗarsa da gilashin karatunta a hanci.

"Malam Bala," take cewa, "ni ma fa ina son in koya. Wannan da ke ta fitowa a ƙarshen layi, E, A, C, C, E, S, me yake nufi?"

"An hana ta ke nan, Hajiya. Fayil ɗin yana nan, izinin taɓa shi ne ba ta da shi. Wa ya shiga na'urar yau, da wane suna?"

Sabuwar ma'aikaciya ce ta shiga da nata sunan, wanda ba a ba shi izini ba. Ya gyara nan take. Muna fitowa na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, Allah ya rufa asiri, son koyon Hajiya ya cece mu." Sai kawai ya matse hannuna.

Da ciwon ya kwantar da shi, kullum da yamma ana shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar gidansa, ni kuma in zo in zauna. Ya rame, amma bakin yana nan. Wata yamma, don in sa shi dariya, na ce, "Yaya, ko ba komai mun yi abin tarihi. Mun rufe Garwa kaf, babu wanda ya gane."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Anti Hauwa ta kawo ruwa.

"Sarkin Fawa, duk Garwa kai kaɗai aka rufe."

Na ce, "Kamar yaya? Ai mutane ba su taɓa cewa komai ba."

"Ba bakinsu nake saurare ba," ya ce. "Duk ofishin da na shiga, kafin in taka sai in ji an ja kujera daga gabana, a hankali, don kada ta yi ƙara. 'Yan moto da suke sauke ni a bakin titi, sai ga shi suna kai ni har ƙafata ta taɓa dokin ƙofa. Kofin shayi da nake lalube, sai ya zama a tafin hannuna ake sa mini shi. Hajiya Asta kuwa, matar da ko wayarta jikarta ce ke latsa mata, ita ce za ta so koyon sitiras? Sun sani tun farko, Sale. Sun sani, kuma ba su daina kira ba."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin baƙin gilashin. Ni ma na kasa riƙe nawa, ƙaton mahauci ina kuka a gaban matar yayana.

"Ka gaya musu na ji," ya ce. "Kowace kujera na ji ta. Amma ka bari sai na tafi, kada su ji kunya."

To ya tafi, ni kuma ga shi na isar da saƙonsa. Hajiya, ya ji. Ku 'yan moto, ya ji. Ku da kuka ja kujera kuna ɗauke numfashi, ya ji ku ɗaya bayan ɗaya, kuma da daɗin abin ya koma ga Ubangijinsa.

Allah ya jiƙan Yaya Bala, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka masa kabarinsa, ya tashe shi da idonsa garau. Ku kuma da kuka rufa masa asiri, Allah ya rufa naku duniya da lahira. Amin.