Hajiya da ɗiyar da ba ta ji

Hajiya ƙawar mahaifiyata ce tun suna ƴan mata a Maradi. Lokacin da na zo Faransa karatu, a gidanta na Sevran, a bayan garin Paris, na sauka, wata biyu tana ciyar da ni kafin in wuce Lyon, inda nake aiki har yanzu. Tana da shagon atamfa da leshi a unguwar Goutte d'Or, cikin Paris. Faransancinta na kasuwa ne: ya ishe ta ciniki, ya ishe ta faɗa da mai kawo kaya, amma idan takarda ta zo da hatimi sai ta ɗauki hotonta ta turo mini.

Shekararta ashirin da aure da Alhaji, Allah bai ba su haihuwa ba. Wata Asabar da na je Paris, ta zaunar da ni a bayan shago, tsakanin turamen atamfa, ta ce, "Ɗiyata, ina son in ɗauki yaro. Ke kika san takardun ƙasar nan. Ki bincika mini kowace hanya, ki gaya mini gaskiyarta, kar ki rage komi."

Hanyar da muka sani tun tasowa ita ce ta gida. Ƙanenta a Maradi yana da ƴaƴa bakwai, kuma ya ce ta ɗauki autarsa, ƴar shekara biyu. Da na bincika sai na gano riƙo irin namu ba ya mai da kai uwa a idon hukumar nan. Sai an bi kotu can, a bi kotu nan, a biya lauya, a yi ta zirga-zirgar jirgi, kuma bayan duk wannan ana iya hana yarinya biza. Amma ba wannan ne ya tsayar da Hajiya ba. A gabana ta kira uwar yarinyar, suka gaisa, sannan ta tambaye ta, "Ke kin yarda?"

Matar ta ce, "Ai Yaya, ɗiyarki ce." Daga nan sai jan hanci.

Hajiya ta yi mata sallama, ta ajiye waya, ta ce da ni, "An yarda mata ne. Ba ita ta yarda ba." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Sai na duba ƙungiyoyin da aka ba izinin kawo marayu daga wasu ƙasashe. Kuɗin da za a kashe ya kusa cinye kayan shagon duka, jiran kuma na shekaru ne, kuma ƙasar da kake jira tana iya rufe ƙofarta rana ɗaya bayan an riga an nuna maka hoton yaro. Ana cikin haka wani mutum ya ji labari ya zo shago. Ya ce shi yana da hanya gajeriya, jariri da takardunsa cikin wata shida. Alhaji, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Malam, ina uwar jaririn?" Mutumin ya ce ta rasu. Alhaji ya ce, "Allah ya ji ƙanta. To a haɗa ni da danginta in yi musu ta'aziyya." Mutumin ya ce zai dawo. Har yau bai dawo ba.

Abin da ya rage shi ne yaran da ke hannun hukuma a nan Faransa. Wannan ba a biyan kuɗi, amma ana biya da haƙuri. Za a shigo gidanka, a duba ɗakin da yaro zai kwana, a tambaye ka yarintarka, da aurenka, da yadda ka ji da rashin haihuwa. Idan an amince da kai, takardar shekara biyar take aiki, kuma tana iya ƙarewa ba a kira ka ba. Na gaya musu haka ba ɓoyo. Alhaji ya je wurin malamin masallacinsu, malam ya ce abin kiyayewa shi ne kada a shafe asalin yaro. Na nuna musu cewa ɗauka iri biyu ce a dokar nan: ɗaya tana yanke yaro daga danginsa gaba ɗaya, ɗaya tana bar masa tushensa ta ƙara masa iyaye. Suka ce ta biyun za su roƙa.

A zama na uku da jami'ar da ke binciken, ni ina fassara, matar ta fara tambayar irin yaron da za su iya riƙewa. Mai shekara nawa? Mai ciwon zuciya fa? Wanda ba ya tafiya? Hajiya tana amsawa a hankali, wani ta ce ba za ta iya ba, wani ta ce sai ta yi tunani. Da aka zo kan yaron da ba ya ji, ban gama fassara ba ta kama hannuna.

"Wannan ki ce mata e."

Na ce, "Hajiya, kurma fa ake nufi. Ba ji, ba magana."

Ta ce, "Na ji ki. Yayata da nake bi kurma ce. Tabarma ɗaya muka kwana har aka yi mata aure. Da hannu na fara magana kafin baki."

Na san matar nan tun ina goye, ban taɓa jin wannan ba. Jami'ar ta ce maganar hannu ta Faransa daban take da ta gida, sai an koya. Hajiya ta tambayi inda ake koyarwa. Daga makon nan, kowace Talata da rana takan rufe shago ta tafi aji. Malamar kurma ce, ba a buɗe baki a ajin, don haka ba wanda ya fi wani Faransanci. Matar da aji uku kawai ta yi a firamare, sai ga ta ita ake kira gaba ta nuna wa sauran. Alhaji ma ya shiga, amma yatsunsa sun yi tauri. Takan ce a cikin jirgin ƙasa na Sevran yake bita, mutane suna kallonsa suna zaton tasbihi yake.

A shekara ta uku aka kira su, kuma daga Lyon. Yarinya ce ƴar shekara biyar, kurma tun haihuwa, tana hannun wata dattijuwa da hukuma ta ba riƙonta. Na tarye su a tasha muka tafi tare.

A ƙofar ɗakin Hajiya ta cire zobbanta da awarwaronta ta ba ni, ta ce suna ɗauke idon mai kallon hannu. Yarinyar tana ƙarƙashin tebur da dabbobin roba, ta ba mu baya. Hajiya ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa da leshinta mai tsada, ta buga daɓen da tafin hannu sau biyu. Yarinyar ta ji motsin a jikinta, ta juyo.

Hajiya ta ɗaga hannu ta yi magana. Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Can ta ajiye raƙumin da ke hannunta ta mayar da amsa da sauri, Hajiya ta fashe da dariya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Tambaya take ko akwai gashi a ƙarƙashin ɗankwalina."

Ta kwance ɗankwalin. Yarinyar ta rarrafo ta fito, ta sa yatsa tana bin layin kitson ɗaya bayan ɗaya. Ni na tsaya da zobba a hannu. Ban gane ko kalma ɗaya a hirarsu ba, kuma ban taɓa ganin fuskar Hajiya tana magana haka ba, gira da kumatu da kafaɗa duk suna aiki. Alhaji ya durƙusa ya yi gaisuwar da ya yi shekara biyu yana koya. Yarinyar ta girgiza kai, ta kama yatsunsa ta gyara masa su. Ya sake yi, ta gyaɗa kai. Sai ya miƙe ya je bakin taga ya tsaya, ya ba mu baya.

Kwana goma suka yi a ɗakina, kullum suna zuwa wurin yarinyar, ana ƙara musu lokaci kaɗan kaɗan. Ranar tafiya yarinyar ta ƙanƙame dattijuwar da ta raine ta, ta ƙi saki. Hajiya ba ta ja ta ba. Ta durƙusa gaban matar kamar yadda ake yi wa uwa a gida, ta yi mata godiya, sannan ta gaya wa yarinyar da hannu cewa za su riƙa dawowa.

Watannin farko sun yi wuya. Yarinyar takan ƙi abinci, takan rufe ido idan ba ta son a yi mata magana, kuma idan ta rufe ido ba abin da za ka iya gaya mata. Hajiya takan zauna kusa da ita ta jira. Bayan shekara alƙali ya sa hannu, aka bar mata sunan da ta zo da shi, aka ƙara na Alhaji.

Yanzu shekararta takwas. Duk hutun makaranta sukan sauko Lyon su ukun, Hajiya da kwanon dambun da ta yi wa dattijuwar, su yini a wurinta. Da la'asar sukan biyo ta wurina su sha shayi kafin jirginsu ya tashi.