Birinyar Kejin Ƙarshe

A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai in nono za ta ba shi, shi ma a ɗaka, fuska a kawar. Haka innata ta yi mini, ban kuma taɓa jin na rasa komai ba, don kafin in buɗe baki in yi kuka goggo ta saɓa ni, ko kaka ta goya ni, ko matar kawu ta cusa mini ƙuli a hannu. Wannan kunyar na ɗauko na kawo New York, na hau da ita hawa na biyar a Morris Heights, inda babu goggo, babu kaka, babu ma wanda zai ga ina yin kunyar.

A nan aka haifi yarinyar. Babanta yana kasa agoguna da tabarau a Canal Street, ya fita da sassafe, ya dawo ƙafa a kumbure. Ni da ita muke wuni. Ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a kan kari, kayanta fes. In zan kira ta sai in ce "ke". Da ta haura shekara biyu na samu aiki, na riƙa ajiye ta wurin wata tsohuwa a hawa na biyu mai rainon yara shida a gaban talabijin, wadda ba na jin yarenta, ba ta jin nawa.

Maƙwabciyarmu ce ta samo mini aikin, wata 'yar Zangon Kumasi da nake ce wa Anti, babbar mace mai dariya har da dukan cinya. "Kai" take ce mini kamar namiji, haka Hausarsu take. Ta ce wurin da take wankin keji ana neman mutum.

"Kejin me, Anti?"

"Birai. Kana tsoro? In ka iya zama da miji, biri ba komai ba ne."

Wurin a ƙarƙashin wani babban gini yake, inda likitoci suke bincike. Jirgin ƙasa mai lamba huɗu nake shiga, sannan bas. Babu taga ko ɗaya a ƙasan. Kafin ka shiga ɗakin birai sai ka sa doguwar riga, da takunkumi, da gilashin fuska, da safar hannu biyu, saboda akwai cutar da suke sa wa mutum in suka yi cizo ko yakushi. Ba a taɓa su. Kowane biri yana kejinsa shi kaɗai, keji bisa keji, an rubuta masa lamba a ƙirji. Ranar farko shugaban sashen ya yi ta bayani, Anti tana juya mini: kada in kalle su cikin ido, don a wurinsu neman faɗa ne, kada in tsaya musu ƙerere a ka, in yi motsi a hankali. Anti ta fashe da dariya, ta ce masa da Turanci wannan ba sai an koya mata ba, shekara ɗaya muna gida ɗaya ban san kalar idonta ba.

Gaskiya ta faɗa. Yadda nake shiga gaban surukai haka nake shiga ɗakin nan, kai a sunkuye, in rage tsawo, har sallama nake yi a ciki-ciki. Birai suka daina jijjiga keji in ni ce. Ba zan ɓoye ba, duk garin nan su ne farkon waɗanda na ji sun san na shigo.

A kejin ƙarshe, layin ƙasa, akwai wata birinya. Ba ta ihu, ba ta miƙo hannu. Tana zaune a kusurwa ta rungume gwiwoyinta, tana kai jiki gaba tana dawo da shi baya, tun in shigo har in fita. Cinyoyinta duka biyu babu gashi, ita ta tsige shi, ɗaya-ɗaya, ta sa a baki. In na jawo farantin ƙarƙashin kejinta sai in ga gashin a ciki.

A lokacin ne aka ce doka ta fito, ba cikin biri kaɗai za a duba ba, har da hankalinsa. Aka kawo wata mata saboda haka, siririya, mai furfura tun ba ta tsufa ba, aljihunta cike da zabibi. Ni dai Malama nake ce mata, ta kuma amsa. Da can in za a ɗebi jinin biri, bangon keji ake jawowa ya matse shi da ƙarfen gaba, ɗakin ya kaure da ihu. Malama ta ce a bari ta gwada wata hanya. Tana da wani ɗan ƙarfe mai ƙara ƙyas. Biri ya matso gaba, ƙyas, zabibi ɗaya. Gobe ya taɓa ƙofa, ƙyas, zabibi. Da haka da haka, wata biyu, na gani da idona wani ƙaton namiji ya zuro ƙafarsa da kansa aka soka allura yana tauna. Ta kuma kawo faifan ciyawar roba, mu barbaɗa gero da gyaɗa a ciki su wuni suna tsinta, da ɗan madubi a jikin sarƙa. Aiki ya ƙaru, masu wanki suka yi ta ƙunƙuni. Anti ta ce saura a sayo musu rediyo. Mako bai zagayo ba aka sayo.

Birinyar kejin ƙarshe ba ta kula gero ba, ba ta kula madubi ba. Wata rana muna cin abincin rana na ce wa Anti ta tambayar mini Malama ko mayu ne suka kama ta, ko ciwo ne. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce a wani wuri aka haife ta, aka raba ta da uwarta tana 'yar kwanaki, aka shayar da ita da kwalba. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ba ta taɓa kwana cikin ƙazanta ba. Abu ɗaya ne, ba wanda ya riƙe ta. Shi ya sa take riƙe kanta.

Anti ta juya mini wannan tana ɓare lemo. Ni kuwa na ture shinkafata gefe, ban san dalili ba tukuna.

Ran Asabar na sani. Ina guga, na waiwaya, sai ga yarinyar zaune a lungu tsakanin hita mai ɗumama ɗaki da bango, ta rungume gwiwa, tana kai jiki gaba tana dawo da shi. Hannunta ɗaya yana bayan kunne yana murza gashi. Na sha ganinta a haka, ina cewa yarinya mai haƙuri, ba ta da rigima. Na ajiye dutsen guga, na je na ɗaga hannun. Wurin ya yi fili, faɗin murfin kwalba, sumul.

Da babanta ya dawo na nuna masa.

"Makero ne," in ji shi. "A shafa mata magani."

"Malam, ba makero ba ne. Ita take cirewa. Akwai wata birinya a wurin aikinmu…"

"Subhanallahi! 'Yar tawa kike haɗawa da biri? Wannan aikin ya fara taɓa ki."

Ya ɗauke ta ya cilla sama sau biyu, ta yi dariya, ya ajiye ta ya nemi ruwan zafi ya gasa ƙafa. Shi ma 'yar farinsa ce, iyakar abin da zai iya ke nan, ya ma yi ƙoƙari.

A makon ne wani da ya dawo daga gida ya kawo kaset ɗin innata, don ita ba ta rubutu, magana take yi a naɗo. Ta gaishe da kowa, ta faɗi waɗanda suka rasu, ta ce an gaya mata matan can suna sumbatar 'ya'yansu a titi. "Ke dai kada ki zubar mana da kunya a ƙasar mutane. Yarinyar nan ba taki ba ce, tawa ce, ajiya na ba ki." Na saurara sau uku. Na so in ce mata, Inna, to zo ki ɗauki ajiyarki ki goya, ga ta can a bayan hita. Amma kaset ba ya jin amsa.

Malama ta yanke shawarar haɗa birinyar da wata tsohuwar birinya mai sanyin hali. Ba a rana ɗaya ba. Aka fara jera kejinsu da gilashi a tsakani, su ga juna. Bayan kwanaki aka sa raga. Bayan nan aka sa sanduna masu faɗin da yatsu za su wuce. Ni aka ba aikin zama a kan bokiti in lura, tunda ba sa tsorona. Tsohuwar ta zuro yatsu tana motsa leɓe, tana son ta duba mata gashi yadda suke yi wa juna. Yatsun na taɓa ta, birinyar ta ƙwala ƙara ta faɗa kusurwa ta ciji hannunta. Ba ta san mene ne ba. Malama ta mayar da raga, ta ce gobe kuma. Kullum kaɗan, a tsaya tun ba ta firgita ba.

Ranar da Anti ba ta zo ba, na tattara ɗan Turancin da nake da shi na tambayi Malama da kaina: gashin yana dawowa? Ta ce yana dawowa. Jijjigar fa? Ta ce wani lokaci tana raguwa, ba lalle ta tafi duka ba. Ya danganta da shekarun da aka fara gyara. Na ce, shekara biyu da rabi fa? Ta ce ai wannan birinyar ta kai tara. Sai ta juyo gare ni. Na ji idonta a kaina ta cikin gilashin fuska, ni kuma ina kallon bokiti. Can ta ce, biyu da rabi da sauran lokaci sosai, amma a kai wa likitan yara ya gani. Ba ta tambaye ni komai ba. Da za ta wuce ta zuba mini zabibi a aljihun riga.

Na kai ta wurin likitan daga baya. Amma a yammacin nan, da na ɗauko ta daga hawa na biyu, na rufe ƙofa, na sa hannu na rungume ta. Ta sandare kamar itace. Ta tura ni da gwiwar hannu, ta zame ta koma bayan hita tana kallona kamar baƙuwa ta shigo. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Washegari na yi yadda na gani. Na zauna a ƙasa nesa da ita kaɗan, na ba ta gefe, na zuba zabibi a cinyata, ina tsintar shinkafa a faranti. Ta zo ta ɗauka ta koma. Kwana huɗu haka. Na biyar ta ci a tsaye kusa da ni. Wata rana ta dafa kafaɗata don ta miƙa hannu, ban motsa ba, ko numfashi ban yi ba. Sai da aka yi mako uku kafin ta bar ni in shafa mata man kaɗanya a bayan kunne, ina yi ina tsayawa tun ba ta janye ba.

Sunan ne ya fi wuya. Bakina ya ƙi. A cikin jirgi na fara gwadawa, daidai inda yake shiga rami ƙararsa ta rufe komai, in faɗa a cikin gyale. Na yi haka ya fi sau ashirin. Ranar wata Lahadi, rana ta shigo ta taga, tana wasa da murfin tukunya, na faɗa a fili. Muryata ta fito kamar ta wata. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, don a saninta daga waje ake kiran sunan nan, Anti ko tsohuwar hawa na biyu. Ta ga ƙofa a rufe. Ta dubi talabijin, a kashe. Sannan ta juyo gare ni. Na sake faɗa, wannan karon ina kallon idonta. Ta taso da murfin tukunyar a hannu, ta zo ta zauna a kan ƙafata, ta ba ni baya, ta ci gaba da wasanta.

Birinyar ma ta kai inda take miƙa wa tsohuwar bayanta ta cikin sanduna, ido a lumshe. Gashi ya fara tsirowa a cinyarta ɗaya. Wata Litinin na shigo na tarar da kejin ƙarshe an wanke shi, an cire katin lambarta daga jikinsa. An ɗauke ta zuwa binciken da aka ajiye ta dominsa. Tsohuwar tana ta zura yatsu ta sanduna. Ban tambayi kowa ba, na jawo farantin na wanke duk da a wanke yake.

Da na naɗa wa innata amsa, na ce yarinyar tana lafiya, tana gaishe ta. "Yarinyar" na ce. Har ta rasu ba ta san abin da nake yi a hawa na biyar ba, babanta ma sai da ya daɗe kafin ya ji ni, ya yi kamar bai ji ba. Gashin ya dawo kafin ta shiga makaranta. Yanzu ta girma, yawanci da Turanci take amsa mini. In abu ya dame ta, har yau hannunta bayan kunne yake tafiya, ni kuma in kira sunanta daga duk inda nake a ɗakin, ta sauke hannun ta ce, "Mama, na ji."