Ranar da Dillalai Duka Suka Zama Shugaba

Takalma na fara gani. Sun cika ƙofar shagon Adda har bakin kwata, kowanne da busasshen kashin shanu a gefensa. Na tsaya riƙe da kular abincin da Inna ta aiko ni da ita, na rasa inda zan taka.

Adda yayata ce. Da ta gama Poli ta buɗe shagon kwamfuta, babban aikinta na farko kuma shi ne shafin intanet na ƙungiyar dillalan shanu ta su Baba, mai ɗauke da hoton kowa da lambar wayarsa da muƙaminsa. Baba ne ya tsaya mata a gaban dattawa. Yau ga dattawan a shagon, kuma yadda take murza bakin mayafinta ya nuna mini aikin yana shirin kuɓuce mata.

An wayi gari ne kowa a shafin ya zama Shugaba, har wani tsoho da ya daina zuwa tike, kasuwar shanu, tun ina firamare. Shugaban gaskiya, Alhaji mai jan gemu, shi ne a kan kujera ɗaya tilo ta shagon.

"'Yata, wa ya shigo nan?"

"Ba wanda ya shigo, Alhaji. Daga nesa aka yi."

"Daga Kamaru?"

"Ko daga ina ma."

Na lallaɓa bayan firinta na tsuguna. Adda ta ce matsalar tana cikin ƙaramar manhajar da ta ɗora don rajistar mambobi. "Alhaji, kamar mai gadin ƙofar tike ne. A tambayi mutum sunansa, ya ce sunana wane, kuma buɗe ƙofa ka saki shanu. Namu ba ya bambanta suna da umarni. Duk abin da aka rubuta a gurbin suna sai ya miƙa wa rumbun bayanai, rumbun kuma ya aikata."

"To a kore shi mana!"

"Masu manhajar sun fitar da gyara tuni. Ni ce ban saka ba."

Ashe jan ɗigon nan alamar gyaran ce. Na daɗe ina ganinsa a kusurwar allon idan na zo yin aikin gida, na ɗauka ado ne.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da kwaɗo kamar na shagon hatsi. Ya zagaya kwamfutar yana neman inda zai maƙala, bai samu ba, sai ya datse shi a hannun durowar tebur, ya jefa makullin a aljihu. Adda ta yi godiya. Cajar wayarta tana cikin durowar.

Ta gargaɗe su cewa wataƙila mai kutsen ya kwashe lambobinsu, kowa ya canza kalmar sirri. Wani ya ce lambarsa ko awakin ƙauyen Vimtim sun haddace. Wani kuma ya matso yana raɗa, a bar masa muƙamin zuwa Juma'a, surukansa ba su gani ba tukuna.

"Ka ji ɓarawon!" in ji na kusa da shi. "Ko kai ne?"

"Ni da ko saƙo sai jikana ya karanta mini?"

Alhaji ya buga sandarsa. Ya ce idan aka kira La'asar shugaba ɗaya ya rage, aiki na Adda ne. In ba haka ba, akwai wani yaro a jami'a da zai karɓi aikin.

Suka fita neman takalmansu. Adda ta saka gyaran, ta fara sauke shugabanni ɗaya bayan ɗaya. Ta taga na hango Baba a gindin darbejiya. Ya kare hasken rana da tafin hannu yana kallon wayarsa, yana murmushin da ban taɓa gani ba. Tun kafin a haife ni yake dillanci, ko ma'aji ba a taɓa ba shi ba.

Na fito daga bayan firinta na ja gefen mayafinta.

"Adda, don Allah ki bar na Baba sai ƙarshe."